Binciken Asalin Manhaja: Wa Ya San Abin da Ke Cikin Kwamfutarsa?

A makon nan zan ɗauko wata tambaya da a ido take kamar ta masu gyaran kwamfuta ce kaɗai, alhali kuwa ta shafi duk wanda sunansa, ko sakamakon jarrabawarsa, ko kuɗin ajiyarsa ke zaune a cikin wata na'ura da bai taɓa gani ba. Tambayar ita ce: waɗanne manhajoji ne ke cikin wannan kwamfuta, kuma kowace a cikinsu a kan wace ta jingina?

A watan Disamba na 2021 duniya ta gane nauyin wannan tambaya. A ranakun 9 da 10 ga watan labari ya bazu cewa an gano ɓaraka a wata ƙaramar manhaja mai suna Log4j, wadda 'yan sa-kai ke kula da ita a ƙarƙashin gidauniyar Apache. Aikinta bai wuce na magatakarda ba: tana rubuta abin da ke faruwa a cikin babbar manhaja, wane ne ya shigo, ƙarfe nawa, me ya nema. Illar ita ce, idan mugu ya tsara wani gajeren rubutu ya sa aka shigar da shi cikin wannan rajista, sai magatakardan ya ɗauke shi a matsayin umarni, ya je intanet ya ɗauko abin da aka aike shi, ya kunna a cikin na'urar. A ma'aunin haɗari da ake amfani da shi a wannan fanni, wanda ya tsaya a maki 10, an ba wannan ɓaraka 10 cif. Kuma ta kasance a wurin tun 2013.

Cikin 'yan kwanaki aka fitar da faci. Amma abin da ya hana ma'aikatan bankuna da kamfanonin sadarwa da hukumomin gwamnati barci a wancan mako shi ne neman inda za su manna facin. Da yawansu ba su taɓa saka Log4j da hannunsu ba, wasu ma ba su taɓa jin sunanta ba, sai ga ta kwance a cikin manhajar da suka saya, ko a cikin wata da ke cikin wadda suka saya. Binciken da ma'aikatan Google suka yi a babbar taskar ƙunshin harshen Java ya nuna dubban ƙunshi abin ya shafa, kuma mafi yawansu ta hanyar wasu ƙunshin suka gaji matsalar. A watan Yuli na 2022 kwamitin gwamnatin Amurka da ya yi nazarin lamarin ya ce za a ci gaba da cin karo da wannan ɓaraka har shekara goma ko fiye. Ba don an rasa magani ba, sai don masu ciwon ba su san suna ɗauke da shi ba. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Domin mu fahimci yadda aka yi haka, sai mu koma ga yadda ake ƙera manhaja a yau. Babu mai hankalin da zai zauna ya rubuta komai daga tushe. Mai gina shafin biyan kuɗin makaranta yana buƙatar abin da zai ɓoye bayanai a hanya, da abin da zai yi magana da rumbun bayanai, da abin da zai lissafa kwanan wata, da abin da zai fitar da rasidi. Duk waɗannan wasu sun riga sun rubuta su, sun ɗaure kowanne a ƙunshi, sun ajiye a taskokin da kowa ke ɗiba kyauta. Ƙunshin da manhajarka ba ta aiki sai da shi, shi nake kira madogara. Wanda ka zaɓa da kanka madogara ce ta kusa. To amma ita ma tana da nata madogaran, su ma suna da nasu, haka abin ke tafiya kamar salsalar dangi: ka auri mace ɗaya, ka wayi gari da surukai ɗari.

Girman abin ya wuce yadda ake zato. Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin rassan Linux, wanda Ian Murdock ya assasa a 1993, ya fito da bugunsa na 12 a 2023 ɗauke da ƙunshi sama da 64,000. Taskar npm ta masu harshen JavaScript ta haura ƙunshi miliyan biyu. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya yi fushi kan wata taƙaddamar suna, ya kwashe ƙunshinsa daga wannan taska. A cikinsu akwai wani mai suna left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa cike gurbi a farkon rubutu don tsawonsa ya daidaita. Nan take aikin dubban mutane ya tsaya cik a faɗin duniya, har sai da masu taskar suka mayar da shi bayan 'yan sa'o'i. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa a ranar suka fara jin sunansa.

To yaya ake gano abin da ke cikin na'ura? A nan nake son mu ɗan zauna, domin amsar hawa uku ce, kuma wanda ya tsaya a hawa na farko zai tafi da rabin labari.

Hawa na farko shi ne rajistar da ita kanta kwamfutar ke ajiyewa. A Linux, wanda mafi yawan manyan na'urorin da ke riƙe da shafukan intanet ke amfani da shi, akwai manajan ƙunshi da ke rubuta duk abin da ya shigo ta hannunsa: sunansa, bugunsa, fayilolin da ya zo da su, da abin da yake buƙata. A Debian da Ubuntu, umarnin dpkg -l zai jero maka duk ƙunshin da aka saka. A Red Hat da Fedora, rpm -qa ke wannan aiki. Ɗalibin da ya gwada wannan a karon farko yakan yi mamaki, domin zai ga layi sama da dubu a kwamfutar da shi da kansa bai saka mata abu goma ba. Umarnin apt-mark showmanual yana taimakawa wajen ware waɗanda aka nema da gangan daga waɗanda suka biyo ayari.

Daga nan akwai tambayoyi biyu, kuma dole a bambance su. Ta farko tana kallon gaba: wannan ƙunshi, me yake buƙata? Umarnin apt-cache depends ke amsa ta, ko rpm -qR a ɗaya ɓangaren. Ta biyu tana kallon baya: su wa suka jingina da wannan ƙunshi? Wannan ta apt-cache rdepends ce. Mai son saka sabon abu ta farkon yake yi. Amma ranar da aka wayi gari da labarin ɓaraka, ta biyun ce ke ceto, domin ita ke faɗa maka ɗakuna nawa ne za su zube idan wannan azara ta karye. Ita ce kuma ke hana garaje wajen gogewa, don sau da yawa mai neman sarari a na'urarsa yakan cire abin da bai gane ba, ya tashi ya tarar rabin kwamfutar ta bi shi.

Hawa na biyu shi ne na harsunan rubuta manhaja, waɗanda kowanne ke da tasa kasuwar da nasa littafin. Abin da aka saka ta hanyar pip, manajan ƙunshin Python, ba ya shiga rajistar dpkg. Sai ka tambayi pip list ya ba ka jerin, pip show kuma ya nuna maka abin da ƙunshi ke buƙata da masu buƙatarsa. A JavaScript akwai npm ls --all, a Java kuma masu amfani da Maven suna da mvn dependency:tree, waɗanda ke zana salsalar kamar bishiya, reshe a kan reshe. Abin lura a nan shi ne, kowane aiki yana iya samun nasa keɓaɓɓen ɗaki na ƙunshi. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da bugu huɗu na abu guda a wurare huɗu, ka gyara uku, na huɗun yana nan yana jiran ɓarawo.

Hawa na uku shi ne mai wuyar, wato abin da bai shiga kowace rajista ba. Akwai fayil ɗin da wani ma'aikaci ya kwafo da hannu shekara shida da suka wuce, ya ajiye, ya bar aiki. Akwai ƙunshin da mai sayar da manhaja ya narka a cikin tasa har ba a ganin sunansa. Akwai kuma abin da ake kira kwantena, wato manhaja da aka naɗe tare da duk kayanta a akwati guda, wadda rajistar uwar na'urar ba ta leƙa cikinta. A nan Log4j ta ɓuya. Fayilolin Java irin jakar da ake zugewa ne, kuma ana saka jaka a cikin jaka, don haka sai da aka bi faifai kaf ana kwance su ɗaya bayan ɗaya. Umarnin ldd yana nuna laburaren da wata manhaja ke kira idan za ta tashi, ko da yake masana sun yi gargaɗin kada a gwada shi a kan fayil ɗin da ba a amince da asalinsa ba. Akwai kuma kayan aiki na kyauta irin Syft da Trivy da ke bin faifai ko kwantena su fitar da jerin abin da suka tarar. A Windows lamarin ya fi karkata ga wannan hawa, domin bisa al'ada kowace manhaja da guzurinta take zuwa. Jerin da kake gani a wurin cire manhajoji, ko wanda winget list ke bayarwa, sunayen gidaje ne kawai, ba ya faɗa maka su wa ke kwana a ciki.

Wanda ke ganin wannan duk ƙaƙale ne na masana, ya dubi abin da ya sami Equifax, kamfanin Amurka mai tattara bayanan bashin jama'a. A farkon Maris na 2017 aka sanar da ɓaraka a Apache Struts, wani ginshiƙi da ake ɗora shafukan intanet a kai, tare da facinta. Sanarwa ta isa kamfanin, aka aika wa ma'aikata saƙo cewa a gyara cikin sa'o'i 48. Bayan 'yan kwanaki aka yi binciken na'urori, binciken bai ga komai ba. Ashe akwai wani shafi na karɓar ƙorafin jama'a da ke kan tsohon bugun. A tsakiyar Mayu masu kutse suka shiga ta nan, suka yi ta ɗiba har ƙarshen Yuli kafin a farga. Bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. Shugaban kamfanin ya sauka, kuma a 2019 kamfanin ya amince da biyan aƙalla dala miliyan 575. Binciken majalisar dokokin ƙasar ya nuna cewa kamfanin ba shi da cikakken lissafin kayan da ke cikin na'urorinsa. Suna da kuɗi, suna da ma'aikata, facin kuma kyauta ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mai gida kuwa bai ma san da wannan bangon ba.

Misali na biyu ya fi ban tsoro. A ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya sanar cewa ya gano ƙofar sirri da aka dasa da gangan a cikin XZ Utils, ƙunshin matse fayil da kusan kowace na'urar Linux ke ɗauke da shi. Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne nauyin da ya ga manhajar shiga na'ura daga nesa ta yi, da jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wanda ya dasa ƙofar, da ke amfani da sunan Jia Tan, ya shafe sama da shekara biyu yana taimaka wa mutum ɗayan da ke ɗawainiya da ƙunshin, har ya sami amincewarsa da ikon fitar da sabon bugu. Abin da ya dace da zancenmu shi ne hanyar da ya bi. Manhajar OpenSSH, wadda ita ce ƙofar gidan, ba ta amfani da XZ kai tsaye. Amma a wasu rassan Linux an haɗa ta da wani laburare na systemd, shi kuma wannan laburare yana kiran na XZ. Ɓarawon bai taɓa ƙofar ba, ya bi ta surukin suruki. An yi sa'a an kama shi kafin bugun 5.6.0 da 5.6.1 su isa tsayayyun bugu na manyan rassan.

Waɗannan darussa suka sa gwamnatoci suka fara sa baki. A watan Mayu na 2021, bayan kutsen SolarWinds, shugaba Joe Biden ya sa hannu a umarni mai lamba 14028, wanda a ciki aka kawo batun takardar kayan haɗin manhaja, wadda ake taƙaita sunanta da SBOM, ga masu sayar wa gwamnatin Amurka manhaja. Takarda ce da ke jero kowane ƙunshi, da bugunsa, da wanda ya samar da shi, da alaƙarsa da sauran, a tsarin da na'ura za ta iya karantawa. Akwai fitattun tsare-tsare biyu na rubuta ta, SPDX da CycloneDX. Tarayyar Turai ma ta saka irin wannan sharaɗi a dokarta ta tsaron kayan dijital da ta fara aiki a Disamba 2024, wadda manyan tanade-tanadenta za su hau kan kamfanoni a Disamba 2027.

Akwai masu suka, kuma maganarsu abin saurare ce. Suna cewa jeri ba magani ba ne. Yana tsufa da zarar an sabunta abu ɗaya. Na'urorin bincike sukan tara wa ma'aikaci gargaɗi ɗari biyar, alhali mafi yawansu suna ɓangaren ƙunshin da manhajarsa ba ta taɓa kira ba, har ya gaji ya daina dubawa. Sannan babu jerin da zai iya gano Jia Tan, domin ƙunshin nasa da sunansa na gaskiya ya shigo, ta ƙofar da aka saba. Duk wannan haka yake. To amma a ranar da labarin XZ ya fito, mai rajista a hannu ya san matsayinsa cikin minti ɗaya, wanda ba shi da ita kuwa sai addu'a da kirdado. Jeri ba ya hana gobara, yana dai nuna maka ɗakin da fetur yake. Maganin tsufansa kuma shi ne a ɗora wa na'ura aikin fitar da shi duk lokacin da aka sabunta manhaja. Masu cewa bayyana jerin tona asiri ne ga ɓarayi, su tuna cewa cikin sa'o'i da fitar labarin Log4j masu kutse suka fara ƙwanƙwasa kowace ƙofa a intanet ba tare da sun nemi jerin kowa ba.

Ina ruwanmu da wannan a nan gida? Ruwanmu da tsaki. Linux ɗin da ke Frankfurt shi ne a Abuja, Java ɗin da ke bankin Landan shi ne a bankin Kano. Rijistar ɗalibai, biyan albashi, lambar BVN da ta NIN, duk a kan irin waɗannan ƙunshin suke zaune. Kuma yadda aka saba bayar da aikin manhaja a ma'aikatu da makarantu da yawa yana ƙara duhun: a ba ɗan kwangila, ya haɗa, a yi bikin buɗewa, a biya shi, ya tafi da sanin abin da ke ciki a kansa. Bayan shekara biyar shafin yana nan yana karɓar bayanan jama'a a kan ƙunshin da masu su sun daɗe da daina yi musu faci. A matakin ɗaiɗaiku kuma akwai al'adar miƙa sabuwar kwamfuta ga mai gyara a ce ya zuba mata komai. Manhajar da aka fasa makullinta ba ta da asali, ba ta karɓar gyara daga masu ita, kuma babu mai iya rantsuwa a kan abin da aka cusa mata a hanya.

Mun taɓa ɗanɗana irin wannan a wani fanni, da farashi mafi tsada. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 yara aƙalla 84 suka rasu a Nijeriya bayan shan maganin haƙori na My Pikin, saboda wani sinadari mai guba da ya shiga ta cikin kayan haɗinsa. Iyayen sunan da ke jikin kwalba suka sani. Shi ya sa babu mai jayayya a yau idan NAFDAC ta ce a rubuta abin da ke cikin magani da lambar rukunin da aka yi shi, domin ranar da za a janye shi daga kasuwa a san wanda za a janye. Manhajar da ke riƙe da bayanan miliyoyin mutane ta cancanci irin wannan ƙa'ida. Dokar kare bayanai ta 2023 ta riga ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su, da sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi kutse mai haɗari. Wanda bai san abin da ke cikin na'urarsa ba, da me zai cika wannan sharaɗi?

Shawarata uku ce. Ga shugabannin jami'o'i da ma'aikatu da kamfanoni: kada a biya kuɗin ƙarshe na kwangilar manhaja sai an karɓi takardar kayan haɗinta, kuma a rubuta a yarjejeniya wanda zai riƙa sabunta ta da tsawon lokacin. Wannan bai buƙatar sabon kasafi, layi biyu ne a takardar kwangila. Hukumar NITDA na iya mayar da shi ƙa'ida ga duk manhajar da gwamnati za ta saya. Ga mu malamai: mun fi ba da ƙarfi wajen koya wa ɗalibi rubuta sabon abu, alhali mafi yawan abin da zai miƙa wa jama'a na aro ne. Ya kamata kowane aikin kammala digiri ya zo da jerin madogaransa, a kuma tambayi ɗalibin a gaban kwamiti dalilin zaɓen kowace ta kusa, da wanda ke kula da ita, da ranar da aka yi mata gyaran ƙarshe. Ga sauran masu karatu: ku karɓi sabuntawa idan ta zo, ku cire manhajar da kuka daina amfani da ita ta hanyar da aka tanada, ku guji wadda ba ku san mafarinta ba. Mai son ganin abin da nake faɗa da idonsa ya shiga saitin wayarsa ta Android, ya nemi bayanan shari'a, ya buɗe jerin lasisin kayan wasu. Zai gaji da ja bai kai ƙarshe ba.

Aro ba laifi ba ne, da shi aka gina duk wannan duniyar ta intanet, kuma shi ya ba yaron da ke Gusau ko Damagaram damar ƙera abin da a da sai babban kamfani. Amma Bahaushe ba ya ba da 'yarsa sai ya binciki asali, ba ya kuma karɓar ajiya bai ƙirga ba. Bayanan mutane ajiya ce. Duk wanda aka damƙa wa ita, ya fara da sanin abin da ke cikin ɗakin da ya zuba ta.